Surukata da Miyar Puwaro

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta ma ƴan unguwarmu ba za su bari ba, da wata Asabar a tsakiyar bazara da na ce bari ni ma in shiga ɗakin girki in nuna wa matata ƙauna. Har yau idan na ji ƙamshin albasa tana soyuwa cikin man shanu sai gabana ya ɗan faɗi, daga baya in yi hamdala.

Ni malamin makaranta ne, ina koyar da labarin ƙasa a wani kwaleji a nan Yamai. Mutumin Tasawa ne ni, aiki ya kawo ni, na kama haya a Yantala, Allah ya haɗa ni da Ramatu, haifaffiyar garin nan, muka yi aure. Kafin wannan rana abin da na iya dafawa a duniya shayi ne da ƙwai (ƙwan ma dafaffe, don soyayye gardama yake min).

Abin da ya jawo komai haƙori ne. Wani haƙori ya fito wa Ramatu a can ƙuryar baki a karkace, ya hana ta barci, aka ce sai an cire. Ba cirewar wasa ba ce, sai da aka tsaga dasashi aka ɗinke. Ta dawo gida da kumatu kamar ta ɓoye mangwaro a baki, bakin ba ya buɗuwa sai iyakar inda ƙaramin cokali zai shiga. Likita ya ce ba tauna, ba yaji, ba abu mai zafi. Sai muka koma kunu. Kunu da safe, kunu da rana, kunu da dare, har ta kai idan ta ga kofi a hannuna sai ta juya fuska bango. Ga magunguna masu ƙarfi tana sha a kan cikin da ba komai. Ranar Juma'a ta tashi za ta yi alwala jiri ya ɗebe ta, da ban tare ta ba da ta sha ƙasa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Na zauna kusa da ita na ce ta faɗa min duk abin da ranta yake so, ko a ina yake a garin nan zan nemo.

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ta tsakanin haƙora, "Sup... puwaro."

Da ƙyar da ishara na gane labarin. Tana ƴar makaranta ta zauna wurin wata gwaggonta da ta yi aikin kuku a gidan Turawa, ita ce take yi mata wannan sup ɗin, wato miyar puwaro, idan ba ta da lafiya. Puwaro, ga wanda bai sani ba, kamar ganyen albasa ne da ya samu wuri ya ci ya ƙoshi, gindinsa fari, samansa kore. Ana dafa shi da kwambitar, wato dankalin Turawa, a markaɗe su har su yi sumul, a sha da cokali. Ba tuwo, ba shinkafa, miyar ce abincin.

Na ɗauko waya na nemo bidiyon yadda ake yi. Wata Baturiya ce a wani ɗakin girki fes, tana yanka tana murmushi, ko ɗigon zufa babu a goshinta. Kafin in gama shan kofin shayi ta gama miya har ta yayyafa mata ganye a sama. Na ce a raina, ashe ma wannan ne? Mutumin da yake tsayawa gaban aji cike da ƴan samari ya fahimtar da su yadda duniya take juyawa, dankali ne zai gagare shi?

A nan dole in tsaya in gabatar muku da surukata, Hajiya (sunanta ba zai fito daga bakina ba, ko a rubuce). Bazabarma ce, tana zaune a Kirkisoye, hayin kogi, tana sayar da atamfa a kasuwa. Mace ce doguwa mai tabarau, ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, amma kuma tun da na auri ƴarta ba ta taɓa yi min magana kai tsaye ba in ban da amsa gaisuwa. Ina durƙushe a gabanta za ta juya ta ce da Ramatu, "Ki ce wa mijinki ya tashi ya zauna a kujera." Na san kunya ce ta surukai, amma na kuma san akwai wani abu a ƙarƙashi. A ganinta malamin makaranta mutum ne mai yawan magana da ƙarancin amfani. Hausarta kuwa ta kasuwa ce, tana gudu sosai, sai dai ba ruwanta da bambancin "kai" da "ke", wanda ya zo bakinta shi take ba mutum. Ni dai burina a rayuwa bai wuce wata rana matar nan ta dube ni ta ga mutum kamili ba. Idan za mu je gidanta, babbar riga nake sawa ko da zafin da ake yi zai narkar da kwalta.

To, da sassafe ranar Asabar na hau moto, wato babur, na nufi lambunan Gudel a bakin kogi, don an ce can ake samun puwaro sabon tuge. Na samu wata dattijuwa zaune gaban tulinsa, na zaɓi manya. Ta ce, "Madam ce ta aiko ka?" Na gyara tsayuwa na ce, "A'a, ni zan dafa da kaina." Ta dube ni daga hula har takalmi ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Na biya kasuwa na sayi kwambitar da man shanu da madara, na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya ciyo yaƙi.

Gidanmu ƙarami ne. Ɗaki da falo a gefe ɗaya da ƴar rumfa a gabansu, ɗakin girki kuma shi kaɗai a kusurwar tsakar gida, kusa da ƙofar waje. Na shimfiɗa wa Ramatu tabarma a rumfa, na ce ta kwanta kawai, yau ranarta ce.

Aikin ya fara da kyau. Na yanke saiwoyi da ganyen sama masu tauri, na tsaga kowane puwaro biyu a tsaye. Abin da Baturiyar ba ta nuna ba shi ne laka. Nata puwaron kamar daga wanka ya fito, nawa kuwa rabin bakin kogi ya biyo shi, laka tsakanin kowane ɓawo da ɗan'uwansa. Na cika bokiti da ruwa na yi ta wankewa, ruwan ya koma kalar kogi da damina. Na fere kwambitar (ɓawon da na cire ya fi abin da ya rage nauyi), na watsa ɓawon cikin bokitin nan da niyyar in zubar daga baya.

Zafi kuwa ba a magana. Ɗakin girkin rufin kwano ne, taga ɗaya. Tun ina wankin puwaro na tuɓe riga, wadda ta riga ta sha laka. Da na zo buɗe ledar madara na sa haƙori, ta fashe, rabi ya sauka a kan wandona. Na ce ba komai, gidana ne, daga ni sai matata. Na tuɓe wandon, na ɗauraye shi da rigar, na shanya su a igiyar da ke gaban rumfa, na koma bakin aiki daga ni sai ɗan gajeren wando na ciki.

Na ɗora tukunya a kan gaz, na sa man shanu, na zuba puwaro. Ashe ban tsane shi da kyau ba. Man ya fara fantsamo min a ciki da ƙirji kamar ana harbina da allurai. Na waiga na ga wani zanen Ramatu a rataye a ƙusa bayan ƙofa, ja mai manyan furanni rawaya. Na jawo shi na ɗaura a ƙugu. Man ya ci gaba da samun ƙirjina. Sai na ɗaga zanen sama na yi ɗaurin ƙirji, irin na mata sak. Can kuma zufa ta fara gangarowa daga goshina tana neman ɗiga cikin tukunya, ga ɗankwalin zanen a kan ƙusar, na ɗauko na ɗaure kai. Ina roƙon mai karatu ya lura cewa kowane mataki da na ɗauka yana da hujja. Sai dai idan aka haɗa su wuri ɗaya, abin da ya fito shi ne ƙaton namiji mai gemu da ɗaurin ƙirji da kallabi.

Miya dai ta yi. Puwaro ya yi laushi, na zuba kwambitar da ruwa da gishiri, suka nuna har cokali yana ratsa su, na tsiyaya sauran madarar, na kashe wuta. Ƙamshi ya cika gida. Na ɗauko miksar, ƙaramin injin markaɗen da aka ba mu kyauta lokacin aure ba mu taɓa taɓa shi ba, na zuba rabin miyar tana tururi, na rufe, na danna maɓalli. Ya yi ƙara ya fara juyawa, ni kuma na fara tsara yadda zan ba abokai labari. Sai ɗif. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki.

Na cire murfin na leƙa, ko rabin markaɗuwa bai yi ba. Na ajiye murfin a taga, na ɗauki faifai ina fifita, ina jiran a dawo da wuta. Maɓallin yana nan a danne yadda na bar shi. Ko kusa tunanina bai je wurin ba.

Ina nan tsaye sai na ji an turo ƙofar gida.

"Salamu alaikum. Fofo, mutanen gida."

Muryar Hajiya ce. Na dubi kaina daga ƙirji zuwa ƙafa. Mai hankali da sai ya ɗaga murya daga ciki ya amsa sallama, ya ce Hajiya a yi haƙuri ina zuwa, ya roƙi a miƙo masa kayansa. Ni abin da na yi shi ne na lallaɓa na shige bayan ƙofar ɗakin girki na manne da bango na riƙe numfashi.

Ta wuce ta gabana da kwanonta a hannu, ta je ta zauna a rumfa kusa da ƴarta, daidai ƙarƙashin igiyar da wandona yake lilo. Na ce yanzu za su shiga ɗaki in yi wuf in ɗauke kayana. Ina! Ba kuran, ɗaki kamar tanda, wa zai shiga? Na yi tunanin in kwance zanen, sai na tuna abin da ke ƙarƙashinsa ya fi shi muni. Ga ƙofar ta kwano ce, ko gwiwar hannuna ta taɓa ta sai ta yi ƙara. Na tsaya kamar gunki.

Da Zabarmanci suke magana. Nawa Zabarmancin na shiga taksi ne, amma ƙorafi kowa yana gane shi a kowane harshe. Hajiya ta tambayi Ramatu ina mijinta. Ramatu ta yi ƙoƙari ta ce yana ɗakin girki, abin da ya fito daga kumburarren bakin nan ba kalma ba ce. Sai ta nuna da hannu. Kun tuna na ce ɗakin girkin yana kusa da ƙofar waje. Hajiya ta bi hannun da kallo ta ce, "Ya fita ke nan." (Ramatu ta gaya min daga baya cewa da ta ji shiru ban fito ba, ita ma ta ɗauka na zame na je sayen wani abu.)

Daga nan aka buɗe min fayil. Mutum ya bar matarsa kwance ba ta iya ko magana ya tafi fada shan shayi da abokai. Dubi yadda ta rame. Dubi idanunta. Dama ita ta sani. Sai kuma ta ce abin da ya fi komai tsorata ni: Ramatu ta haɗa kayanta, bayan la'asar za ta tafi da ita Kirkisoye ta yi jinyarta da kanta, tunda a nan ba mai kula da ita. Na san irin wannan tafiya. Zuwa yake da sauƙi, dawowa sai an haɗa da kawunnai da baffanni. Ina tsaye bayan ƙofa, zufa tana bin bayana, ina jin ana shirin ɗauke min mata saboda laifin da ban yi ba, ga hujjata tana ƙamshi a tukunya, amma ba halin in fito in nuna.

Ban san iya lokacin da na ɗauka a wurin ba. Na ji an kira azahar a masallacin unguwa, na ji an tayar, na ji an sallame. Ƙafata ta hagu ta mutu. Wani ƙuda ya sauka a hancina ya yi zamansa, ya san ba abin da zan iya.

Sai na ji Hajiya ta ce bari ta dama wa ƴarta kunu da gasarar da ta kawo. Na ji takun takalminta yana matsowa. Na rufe ido na karanta duk abin da na haddace. Ta turo ƙofar, ƙofar ta ƙara matse ni da bango, ta shigo.

Ta ɗan tsagar ƙofa nake kallonta. Ta tsaya ta dubi ɓarnar da na yi, ganye a ƙasa, madara a kan tebur, wuƙa a cikin kwandon cokula. Ta yi tsaki. Sai hancinta ya kai ta wurin miksar. Ta gyara tabarau, ta sunkuya, ta kai fuskarta daidai bakinsa tana shinshinawa.

A daidai wannan lokaci na ji yaran unguwa sun kwashe da ihu a waje, ihun da kowa a Yamai ya san ma'anarsa. An dawo da kuran.

Ban taɓa sanin ƙaramin inji yana da irin wannan ƙarfi ba. Ya yi wata kururuwa, miya ta tashi sama kamar an fasa bututu. Ta samu Hajiya a fuska, ta rufe tabarau, ta bi mayafi, ta kai rufi ta dawo. Hajiya ta ƙwalla ƙara tana kiran Allah da Zabarmanci, "Irkoy! Idona! Idona!"

Ni abin da na sani shi ne na zuba miyar nan tana tafasa. A cikin kaina na ga fuskar surukata ta saɓule, na ga asibiti, na ga makanta, na ga ƙarshen aurena da ƙarshen zamana a garin nan. Kunya ta fita daga kaina gaba ɗaya. Na banko ƙofa na fito ina salati da ƙarfi, na tuna an ce ƙuna ruwan sanyi take so, na sunkuci bokitin da ya fi kusa na sheƙa mata shi tun daga ka.

Bokitin wankin puwaro ne. Da lakarsa, da saiwoyinsa, da ɓawon kwambitar.

Hajiya ta ja da baya tana haki, ta cire tabarau, ta share ido da bayan hannu, ta buɗe. Abin da ta fara gani shi ne wata halitta mai gemu sanye da zanen ƴarta, riƙe da bokiti, tana ihu. Ta ƙara ƙwalla wata ƙarar da ta fi ta farko.

"Ke wace ce? Ke wace ce?"

(A duk shekarun da ta yi tana haɗa "kai" da "ke", wannan ne karon da ba wanda zai ce ta yi kuskure.)

Hannunta ya faɗa kan muciya. Ta sauke min ita a kafaɗa, ta ƙara a damtse, ina karewa da bokiti ina cewa, "Hajiya ni ne! Ni ne, Hajiya!" Miksar kuwa yana can yana ta aikinsa, yana raba mana sauran miyar daidai wa daida. Da ƙyar na miƙa hannu na fizge wayarsa daga bango.

Na waiga, sai na ga tsakar gidanmu ta cika. Ga Maman Ibro maƙwabciyarmu da ludayi a hannu, ga Malam Sule tela da ke da shago a ƙofar gida, ga duk ƴan fadarsa, wani ma da kofin shayinsa. Ihun Hajiya ne ya kawo su, sun ɗauka ɓarawo ne ko gobara. A gabansu duka ga Ramatu, ta dafe kumatu da hannu biyu, hawaye yana zuba, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take. Dariya ce, ɗinkin bakinta yana hana ta fita.

Amma ni a lokacin ba su ne a gabana ba. Na zube a ƙasa cikin laka na ce, "Hajiya, fuskarki. Don Allah a duba fuskarta. Miyar da zafi." Maman Ibro ta ajiye ludayi ta jawo Hajiya bakin ƙofa wurin haske, ta cire mata ɓawon kwambitar daga kan gira, ta goge fuskar da gefen zanenta, ta duba goshi, ta duba kunci, ta ce ta buɗe ido ta rufe. Ni ina durƙushe ina jiran hukunci. Sai Maman Ibro ta lakaci miyar da ke kan mayafin da yatsa ta ce, "Wane zafi? Wannan ai ko jariri aka yi wa wanka da ita ba zai yi kuka ba."

Ashe tsayuwar da na yi bayan ƙofa, wadda nake gani kamar azaba, ita ce ta ba miyar lokaci ta huce a buɗe. Ko ja fatarta ba ta yi ba. Wallahi ban taɓa jin sanyi ya ratsa zuciyata irin na wannan lokaci ba. Na zauna daɓas a ƙasa na ce alhamdulillahi ya fi a ƙirga, na ma manta da abin da ke jikina, sai da Malam Sule ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ɗaurin naka yana kwancewa."

Maman Ibro ta kore mutane. Hajiya ta shiga wanka. Na saka wandona, na nemo babbar riga na ɗora, na rama azahar, na share ɗakin girki, na zauna a bakin ƙofarsa kamar wanda ke jiran alƙali. Na riga na sallama. Na ce yau ko Ramatu ba ta tafi don jinya ba, za ta tafi don an gano mahaukaci ta aura.

Hajiya ta fito sanye da kayan ƴarta, ta yi salla, ta zauna a tabarma. Can Ramatu ta yafito ni. Na je na durƙusa nesa kaɗan, kaina a ƙasa, na fara ba da haƙuri. Ta ɗaga hannu na yi shiru. Ina jira in ji "ki ce wa mijinki", sai na ji ta ce:

"Wannan abu da ka watsa min, na wane ne?"

Ni take wa magana. Ni da kaina. Na ce, "Na Ramatu ne, Hajiya. Ta kasa cin komai, shi ta ce tana so."

"Kai ka je kasuwa?"

"Har Gudel na je."

"Tun da na shigo kana bayan ƙofa?"

"Ina nan, Hajiya."

"Ka ji duk abin da na ce?"

Na gyaɗa kai. Ta cire tabarau tana gogewa a hankali, na ga gefen bakinta yana motsi. Ta yi ƙoƙari ta riƙe, ta kasa. Dariya ta ƙwace mata, irin wadda take fitowa daga ciki, har ta dafa kafaɗar Ramatu tana cewa wani abu da Zabarmanci game da kallabi. Ban taɓa ganin haƙoran matar nan ba sai ranar.

Da ta lafa ta ce, "Akwai saura, ko duka a kaina ya ƙare?"

Rabi yana nan a tukunya. Ba wanda ya ko kalli miksar. Na ɗumama miyar kaɗan, na sa maburgi na burge ta har ta yi laushi, na tace, na kawo a kwano. Ramatu ta kai cokali na farko ta rufe ido. Ta kai na biyu. Muna zaune ni da uwarta muna kallon cokali yana zuwa yana dawowa har ta ga gindin kwano, ta miƙo min shi alamar ƙari. Rabon da ta ci abin kirki tun ranar da aka cire haƙorin. Na ji idona ya kawo ruwa, na ce hayaƙin gaz ne.

Hajiya ma ta karɓi cokali ta ɗanɗana. Ta juya shi a baki ta ce, "Shi wannan miya ne ko kunu?" Na ce miya ce. Ta ce, "To ina tuwon?" Na ce ba a ci da tuwo. Ta girgiza kai don tausayin Turawa, amma ta ƙara cokali biyu.

La'asar ta yi, ta wuce. Ba wanda ya ƙara ta da maganar haɗa kaya. Da za ta tafi na rako ta bakin titi na tsayar mata da taksi, jiƙaƙƙun kayanta a leda. Ta shiga ta zauna, sannan ta leƙo ta taga ta ce, "Gobe ka ƙara yi mata. Ka rage ruwa."

Ramatu ta warke sarai. Ni ne dai ban warke ba, don har yau idan na wuce shagon Malam Sule sai wani ya kira ni gwaggo da Faransanci ya ce, "Tanti, a dawo lafiya." Labarin ya haye kogi, na san haka ne saboda a wani suna a Kirkisoye tsofaffin mata suka yi ta zuwa gaishe ni ɗaya bayan ɗaya suna danne dariya. Hajiya kuwa yanzu hira muke sosai, har shawara take nema a wurina kan karatun jikokinta. Sai dai ta daina zuwa gidanmu ba sanarwa. Idan ta taso sai ta kira Ramatu a waya, in ji muryarta tana fitowa, "Ga ni a kan gada. A ce wa Malam ya nemi wandonsa."

Abin da na koya bai da yawa. Idan an ɗauke kuran, a cire wayar miksar daga bango kafin a yi komai. Idan kuma aka yi sallama, a amsa, ko a wane hali ake. Da na amsa tun farko, mutum ɗaya ce za ta san na ɗaura zane, ita ma ta bayan ƙofa. Na ɓuya don kada ta gan ni, sai kunyar ta jira har ta tara min unguwa guda sannan ta fito da ni.